Filin Tambaya da Amsa: Gyaran Tafiyar Aiki ta Hanyar Awo da Alƙaluma

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun taru a kan batu guda, wato yadda za a gyara aikin da ya ƙi daidaituwa a kamfani ko ofis ba tare da an dogara ga zato ba. Na zaɓi biyar daga ciki, na taƙaita tambayoyin, kuma na sakaya sunayen masu su kamar yadda aka saba.

Tambaya: Ni manaja ne a wani kamfanin rarraba kaya. Abokan cinikinmu suna yawan kuka cewa kayansu ba sa isa a kan lokaci. Na yi taro da ma'aikata ba adadi, na ja kunne, na sauya wa wasu wurin aiki, har mota na ƙara, amma abin sai ya lafa na ɗan lokaci ya sake dawowa. Wani ya ba ni shawarar in gwada tsarin Six Sigma. Mene ne shi, kuma ta ina ake farawa?

Amsa: Malam, duk matakan da ka lissafa abu ɗaya ne ya haɗa su: kowannensu magani ne da aka bayar tun kafin a auna maras lafiya. Ka ƙara mota domin ka ɗauka a kan hanya ake ɓata lokaci, ka ja kunnen ma'aikata domin ka ɗauka sakaci ne, amma a cikin wasiƙarka ban ga inda ka ce ka auna ka gano matakin da oda take daɗewa a cikinsa ba. Tsarin da aka ba ka shawara a kai an gina shi ne domin ya hana mutum wannan gaggawar.

Wani injiniya mai suna Bill Smith ne ya ƙirƙiro Six Sigma a kamfanin Motorola na Amurka a 1986, a lokacin da kamfanin yake fama da gasar kayan lantarki na Japan. A 1988 Motorola ya samu lambar yabo ta Malcolm Baldrige ta ingancin aiki, amma tsarin bai yi fice a duniya ba sai da Jack Welch, shugaban kamfanin General Electric na lokacin, ya ɗora kamfanin nasa a kan tsarin a 1995. Daga nan ya fita daga masana'antu ya shiga bankuna da asibitoci da kamfanonin sufuri. Kayan aikin da ke cikinsa sun girme shi nesa ba kusa ba, domin mafi yawansu sun fito ne daga hannun masana irin su Walter Shewhart da Edwards Deming da Joseph Juran da Kaoru Ishikawa. Abin da Six Sigma ya yi shi ne ya jera su cikin matakai biyar da ba a tsallake ɗaya zuwa ɗaya, waɗanda ake taƙaitawa da haruffan farko na sunayensu na Turanci, wato DMAIC: a fayyace matsala, a auna ta, a yi nazarin musabbabinta, a gyara, sannan a tsare gyaran.

Matakin farko yana da sauƙin faɗi, amma a nan ake yawan yin tuntuɓe. Cewa ana samun jinkiri ƙorafi ne kawai, ba a iya aiki da shi. Dole ka zauna da mutanenka ku yarda a kan lokacin da agogo yake fara bugawa da lokacin da yake tsayawa, misali daga sa'ar da oda ta shigo zuwa sa'ar da mai kaya ya sa hannu ya karɓa, sannan ku rubuta alƙawarin da kuka yi wa abokin ciniki, kwana uku ne ko biyar. Duk odar da ta wuce wannan wa'adi ita ce aibi, ba abin da ya ɓata wa manaja rai ba. A rubuta wannan a shafi ɗaya, tare da sunan wanda zai jagoranci aikin da iyakar abin da za a taɓa, domin wanda ya ce zai gyara kamfani gaba ɗaya a zama guda ba zai gama komai ba.

A mataki na biyu nake so ka fi daɗewa. Ka ɗauki oda guda ka bi ta da ƙafarka, daga teburin mai karɓa zuwa ofishin akanta, zuwa sito, zuwa wurin lodi, har ta fita ƙofa. Za ka ga abubuwan da ba sa cikin kowace takardar tsarin aiki: fom da yake kwana a tire yana jiran sa hannun mutumin da ya fita, ma'aikacin sito da yake komawa ofis domin lambar kayan da aka rubuta ba ta dace da abin da ke kan kanta ba, motar da aka tsayar rabin yini saboda a cika ta. Bayan haka ka sa a riƙa rubuta lokaci a duk inda oda ta sauya hannu, na tsawon makonni huɗu zuwa shida, ba tare da an sauya komai a aikin ba. Wannan haƙurin shi ne ya fi yi wa manajoji wuya, domin hannu yana ƙaiƙayin gyara, amma wanda bai san inda ya taso ba ba zai iya nuna cewa ya ci gaba ba.

Ka kuma binciki ma'aunin kansa. Idan direba sai ya dawo da yamma yake cike lokutan da ya sauke kaya daga abin da ya tuna, to alƙalumanka tunaninsa suke nunawa, ba aikin ba. Idan mutum biyu suka duba oda ɗaya, wannan ya ce ta makara wancan ya ce ba ta makara ba, sai a koma a daidaita ma'anar makara tukuna. Sa'annan kada ka tsaya ga matsakaici kaɗai. Mu ɗauka kamfanoni biyu ne, kowanne matsakaicin kai kayansa kwana huɗu: na farko yana kaiwa tsakanin kwana uku zuwa biyar, na biyu kuwa wani lokaci kwana ɗaya, wani lokaci goma. A takarda daidai suke, amma abokin cinikin na biyu ba zai iya shirya komai ba, kuma ranar da kayansa suka yi kwana goma ita zai riƙa tunawa. Wannan hawa da sauka shi ne abokin gaban da Six Sigma yake yaƙa.

Idan alƙaluma suka taru, sai nazari. Ka ware dalilan makara gida-gida, ka ƙirga kowanne, ka jera su daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci. Sau da yawa za a tarar dalilai biyu ko uku ne suke ɗauke da mafi yawan matsalar. Juran ne ya shigo da wannan dabara cikin harkar inganci, ya kuma sa mata sunan masanin tattalin arziki ɗan Italiya Vilfredo Pareto, wanda ya lura cewa kusan kashi 80 cikin 100 na filayen ƙasarsa suna hannun kashi 20 cikin 100 na mutane. Ba doka ba ce cewa sai lissafin ya fito 80 da 20 daidai, abin nufi shi ne a san inda nauyin ya karkata. Daga nan a ɗauki babban dalilin a bi shi da tambayar me ya sa har sau biyar ko makamancin haka, kamar yadda Taiichi Ohno ya koyar a kamfanin Toyota. Me ya sa oda ta kwana a sito? Domin takardar izini ba ta iso ba. Me ya sa ba ta iso ba? Domin akanta bai tabbatar da biya ba. Me ya sa? Domin sau ɗaya a yini yake duba shigowar kuɗi, da yamma. Me ya sa sai da yamma? Domin haka ya tarar ana yi tun lokacin da odar ba ta da yawa. Ka ga a wannan misalin, ƙarin mota goma ma ba zai rage minti ɗaya ba. Sai dai ina gargaɗinka cewa irin wannan tambaya, da kuma zanen Ishikawa mai kama da ƙashin kifi da ake jera dalilai a jikinsa, waɗanda ake zargi kawai suke fito da su. Lokutan da ka rubuta ne za su tabbatar ko su ƙaryata.

Akwai wani ɗan lissafi da zai amfane ka a nan, wanda John Little ya tabbatar a 1961: matsakaicin lokacin da aiki yake ɗauka daidai yake da adadin ayyukan da ke cikin layi idan aka raba shi da adadin da ake kammalawa a kowace rana. Idan a kullum kana da oda 60 a hannu kuma kana gama 10 a yini, kowace oda za ta yi kimanin kwana shida, komai saurin gudun da ma'aikata suke yi. Idan ka rage cunkoson ya koma 30, lokacin zai sauko kwana uku ba tare da ka ƙara mutum ba.

Gyara kuwa a fara shi kaɗan, a reshe ɗaya ko a rukunin kaya ɗaya, a sauya abu guda, a ci gaba da awo da ma'aunin nan na farko, a kwatanta. Idan ya yi, a faɗaɗa. Mataki na biyar shi ne amsar kukanka cewa abin yana lafawa ya dawo. Gyaran da ba a rubuta shi ya zama ƙa'idar aiki ba, ba a koya wa sabon ma'aikaci ba, ba a kuma ɗora wa mutum guda alhakin duba alƙalumansa kowane mako ba, da zarar hankalin manaja ya koma wani wuri zai narke. Ka rubuta tun yanzu abin da za a yi, da wanda zai yi shi, ranar da lambar ta fara komawa gidan jiya.

Tambaya: Ni akanta ce. Na karanta cewa Six Sigma yana nufin kuskure 3.4 kacal a cikin miliyan. Anya ɗan Adam zai iya haka? Idan ba mu kai nan ba, mun gaza ke nan?

Amsa: Malama, ba ku gaza ba. Sigma harafi ne na Girkanci da masu ilimin ƙididdiga suke amfani da shi wajen nuna yadda sakamako yake warwatsuwa daga matsakaicinsa. Idan aikinku ya daidaita har ya zama akwai tazarar sigma shida tsakanin matsakaici da iyakar da abokin ciniki zai iya jurewa, to kuskure ya zama abin da ba a cika gani ba. Lambar 3.4 ta fito ne bayan an ba da rangwamen sigma ɗaya da rabi, bisa hujjar cewa kowane aiki yana ɗan gocewa da tafiyar lokaci, kuma masana ƙididdiga da dama suna sukar wannan rangwame domin al'ada ce ta masu tsarin, ba dokar lissafi ba. A wannan sikeli, sigma uku yana daidai da kuskure 66,807 a cikin miliyan, sigma huɗu 6,210, sigma biyar kuma 233.

Ga yadda za ki auna ofishinku. Mu ce kun fitar da takardun neman biya 1,000, kowace tana da gurbi biyar da za a iya yin kuskure a ciki: suna, kwanan wata, adadin kaya, jimilla da lambar asusu. Gurabe 5,000 ke nan. Idan aka samu kuskure 40, lissafin ya zama 8,000 a cikin miliyan, wato kun kusa sigma huɗu. Ki lura da wata kafa a nan: wanda yake son lambarsa ta yi kyau zai iya cewa gurabe ashirin ne a kowace takarda, nan take sigmarsa ta ɗaga alhali bai gyara komai ba. Saboda haka ni na fi son a riƙa faɗin adadin takardun da suka fita ba aibi tun karon farko, domin shi abokin ciniki yake gani.

Dalilin da ya sa aka kafa buri mai tsauri haka shi ne kurakurai suna taruwa. Kashi 99 cikin 100 yana da daɗin ji, amma idan aiki yana bi ta matakai goma kuma kowane mataki yana yin daidai kashi 99, abin da zai fita lafiya daga farko zuwa ƙarshe kimanin kashi 90 ne kawai. Idan matakan hamsin ne, sai ya faɗo kusan kashi 60. Wannan ya sa masu haɗa na'ura mai dubban sassa ba su da zaɓi. Ku kuwa, matakin da ya dace da ku ya danganta da abin da kuskure yake jawowa da abin da kawar da shi zai ci. Kuskuren lambar asusu ya cancanci a matsa masa lamba iyakar iyawa, kuskuren waƙafi bai cancanci haka ba.

Tambaya: Ni ke kula da wani sashe a masana'anta. Duk ranar farkon mako shugabanmu yana duba adadin kayan da suka lalace. Idan ya haura na makon jiya sai faɗa da neman bayani, idan ya sauka sai yabo. Mu kuwa mun san ba abin da muka sauya a tsakani. Yaya zan fahimtar da shi?

Amsa: Malam, wannan tambaya ta fi duk sauran muhimmanci a wurina, domin abin da ka bayyana yana faruwa a wuraren da suke alfahari da cewa suna aiki da alƙaluma. Kwatanta lambar wannan mako da ta makon jiya ba nazari ba ne. Ko da mutane ɗaya ne, injin ɗaya, kaya ɗaya, lamba ba za ta tsaya wuri guda ba.

Walter Shewhart ne ya warware wannan a 1924, lokacin da yake aiki a kan ingancin kayan tarho a Amurka. Ya raba hawa da sauka gida biyu. Akwai wanda yake fitowa daga tsarin kansa, daga ƙananan dalilai masu yawa da suke nan kullum, kamar ɗan bambancin kayan da aka sayo, zafin ɗaki, gajiya da tsufan inji. Akwai kuma wanda wani dalili na musamman ya haddasa, kamar ƙarfen da ya karye ko sabon mai kawo kaya. Na biyun ana bin sawunsa a gano shi a cire. Na farkon kuwa ba shi da mai laifi guda, ba ya raguwa sai an sauya tsarin, kuma ikon sauya tsari yana hannun shugabanni, ba hannun mai tsaye a gaban inji ba. Deming, wanda ya je Japan a 1950 ya koyar da wannan ilimi ga injiniyoyi da shugabannin kamfanoni, ya ƙiyasta daga abin da ya gani a tsawon aikinsa cewa kashi 94 cikin 100 na matsaloli na tsari ne.

Abin da za ka yi shi ne ka tattara lambobin makonni 20 zuwa 25 da suka wuce, ka zana su a jere bisa takarda, ka ja layin matsakaici a tsakiya, ka ja iyaka a sama da ƙasa, kowace a tazarar sigma uku. Idan adadin kayan da kuke yi a mako bai cika sauyawa ba, kuma waɗanda suke lalacewa kaɗan ne a cikinsu, akwai hanya mai sauƙi ta ƙiyasin sigma: lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da matsakaicin. Mu ce matsakaicinku 16 ne a mako. Sigma ya zama 4, iyakokin kuma 4 a ƙasa da 28 a sama. Ma'anar wannan ita ce makon da aka samu 22 da makon da aka samu 11 duk aikin tsari ɗaya ne, babu dalilin faɗa a na farko, babu dalilin yabo a na biyu. Amma ranar da aka ga 31, ko aka ga makonni takwas a jere duk a gefe ɗaya na matsakaici, to wani abu ya sauya, a tashi a bincika nan da nan.

Akwai abin da yake ƙara wa shugabanka tabbacin cewa faɗansa yana aiki, kuma ya kamata ka fahimce shi kafin ka tunkare shi. Idan lamba ta yi tsalle sama a wannan mako, mafi yawan lokuta ta mako mai zuwa za ta dawo kusa da matsakaici, ko an yi faɗa ko ba a yi ba. Shi kuwa zai ga ya yi faɗa abu ya gyaru, ya yi yabo abu ya lalace, sai ya yanke cewa faɗa ne magani. Illar ba ta tsaya ga ɓacin rai ba. Mai inji da aka matsa wa zai riƙa murɗa saiti duk lokacin da ya ga ɗan bambanci, kuma Deming ya nuna ta hanyar gwaji cewa taɓa tsarin da yake a daidaice bayan kowane sakamako ƙara warwatsa shi yake yi.

Kada ka je masa da gardama a gaban jama'a. Ka kai masa zanen a keɓe, ka nuna masa makonnin da ya yi faɗa da waɗanda ya yi yabo duk suna cikin iyaka, sannan ka ce masa idan 16 a mako ya yi yawa, kuma wataƙila ya yi, to ga abubuwa biyu ko uku na tsarin da kuke so a ba ku dama ku gwada sauyawa. Shugaban da aka kawo wa hanyar rage asara ya fi saurin saurare a kan wanda aka kawo wa hujjar cewa ya yi kuskure.

Tambaya: Sana'ata ƙarama ce, mu takwas ne duka-duka. Ba ni da halin ɗauko ƙwararru ko zuwa kwas. Shin dole sai na samu takardar shaidar nan ta baƙar ɗamara?

Amsa: Hajiya, ba dole ba ne. Muƙaman koriyar ɗamara da baƙar ɗamara na tsarin Six Sigma, waɗanda aka aro daga wasannin kare kai na Japan, an tsara su ne domin manyan kamfanoni su san wanda ya samu horo da wanda zai jagoranci aikin gyara. Babu wata hukuma guda da take da ikon ba da wannan shaida a duniya, don haka ingancinta ya bambanta ƙwarai daga wuri zuwa wuri, ko da yake hukumar tsara ƙa'idojin inganci ta duniya, wato ISO, ta fitar da ƙa'ida mai lamba 13053 a 2011 da ta bayyana matakan tsarin. Takardar tana da amfani ga mai neman aiki a fannin, amma ba ita take gyara sana'a ba.

Abin da kike buƙata littafin rubutu ne, ko manhajar Excel idan kina da kwamfuta. Ki zaɓi matsala ɗaya da take maimaituwa, ki riƙa rubuta ta duk lokacin da ta faru tare da rana da dalili, na tsawon wata guda. Ki ƙirga, ki ɗauki dalilin da ya fi yawa, ki sauya abu ɗaya, ki sake ƙirgawa wata na gaba. Ƙaramar sana'a ma tana da wata dama da babban kamfani ba shi da ita, domin mai aunawa da mai yanke shawara mutum ɗaya ne. Inda za ki yi hattara shi ne ƙarancin lambobi: kuskure uku a wannan wata da biyu a wata mai zuwa bai isa a ce an samu ci gaba ba, sai an ga abin ya ɗore.

Tambaya: Tun da aka kawo tsarin awo a ofishinmu, kowa ya koma kare kansa. Ana rufe ƙorafin abokin ciniki kafin a warware shi domin kada ya wuce wa'adi, ana ɓoye kurakurai, kuma ana raɗe-raɗin cewa rage ma'aikata ake shirin yi. Ashe ba cutarwa tsarin yake yi ba?

Amsa: Malam, abin da ka gani gaskiya ne, kuma ba zan kare shi ba. Masanin tattalin arziki ɗan Birtaniya Charles Goodhart ya lura tun 1975 cewa da zarar aka mai da ma'auni ya zama abin da ake matsa wa mutane su cimma, sai ya daina faɗin gaskiya. Idan albashinka ko mutuncinka ya rataya ga lamba, kuma ba a ba ka ikon gyara tsarin da yake haifar da ita ba, hanyar da ta rage maka ita ce ka gyara lambar. Mutanen ofishinku ba mugaye ba ne, abin da aka auna suka bayar.

Laifin yana ga yadda aka yi amfani da awon. An ɗauki ma'aunin da aka yi domin a gane tafiyar aiki, aka mai da shi sandar dukan mutum. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma ma'aikaci ba zai yarda da haka ba sai ya gani a aikace. Wanda ya fi kowa sanin inda lokaci yake zubewa shi ne mai yin aikin da hannunsa, kuma ba zai nuna wurin ba idan ya san sakamakon nunawar shi ne a sallame shi ko a sallami abokinsa. Shugabannin da suke son gaskiyar alƙaluma dole su faɗi tun farko abin da za a yi da lokacin da aka ceto, su kuma cika alƙawarin.

Ya kamata kuma a san cewa tsarin yana da iyaka. An yi shi ne domin aikin da ake maimaitawa, wanda aka san yadda kyakkyawan sakamakonsa yake. Kamfanin 3M na Amurka, wanda ya yi suna wajen ƙirƙirar sabbin kayayyaki, ya rungumi Six Sigma sosai bayan James McNerney ya zo daga General Electric ya karɓi shugabancinsa a 2001, har aka shigar da shi ɗakunan bincike. Wanda ya gaje shi a 2005, George Buckley, ya sassauta tsarin a ɓangaren bincike, ya bar shi a masana'antu, saboda mai neman sabon abu dole ya yi gwaji da yawa da ba za su yi nasara ba, kuma idan aka lissafa kowanne a matsayin aibi zai daina gwadawa.

Ga abin da zan ba ka shawara ka kai gaban shugabanninku, kai da wasu abokan aikinka, a rubuce. A daina liƙa alƙaluman da sunan mutum ɗaya-ɗaya, a riƙa fitar da su da sunan matakin aiki. A haɗa ma'aunin sauri da wani ma'auni da zai tsare shi, wato a riƙa ƙirga ƙorafe-ƙorafen da aka rufe amma mai su ya sake dawowa a kan magana ɗaya cikin wata guda, domin wannan lambar ita za ta nuna ko rufewar ta gaskiya ce. A kuma sanar da kowa cewa a watannin farko adadin kurakuran da ake rubutawa zai ƙaru, saboda waɗanda ake ɓoyewa ne suka fara fitowa fili, kuma ba za a hukunta kowa a kan wannan ƙaruwar ba.